Tambaya kan jan baki: wai waye wannan Peter Ward ɗin?

Manomin Fadama:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Bara tsuntsayen jan baki sun kusa gamawa da shinkafata, yarana biyu tun asuba suna gona da gwangwani da majaujawa har muryarsu ta dushe, jirgi ya zo ya yi feshi amma ko sati uku ba a yi ba wasu suka sauka kamar ba a taɓa komai ba. Ƙanena da ke karatun dabbobi a jami'a ya ce wai wani Bature Peter Ward ya faɗi haka tun kafin a haife mu, wai feshi ba ya ƙarar da su. Don Allah wanda ya san aikin mutumin nan ya warware min, ni dai yaron nan ya cika ni da turanci ban fahimci komai ba.

Malam na Tsuntsaye:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Ward ɗan Birtaniya ne, kuma a nan yankin tafkin Chadi ya yi aikin da ya fito da sunansa, a 1965 ya buga shi kashi biyu a mujallar Ibis, ɗaya kan abincin jan baki ɗaya kan yadda suke hayayyafa. Abin da ya yi ba wani tsafi ba ne, kama tsuntsayen ya riƙa yi wata bayan wata yana buɗe maƙoƙonsu yana duba me suka ci. Sai ya tarar yawanci irin ciyawar daji ne da shinkafar daji, wato gonarka ba ita ce tuwonsu na kullum ba, suna faɗo mata ne in na dajin ya yi ƙaranci ko in ƴaƴan da suka bar sheƙa sun yi yawa.

Wurin da ya fi burge ni shi ne maganar ruwan farko. Mu muna murna an yi ruwa, su kuma yunwa ce ta zo musu, domin duk irin ciyawar da ke kwance a ƙasa sai ya tsiro lokaci guda, abinci ya ɓace. Sai su ɗan yi ƙiba da cin shinge, wato garar nan mai fiffike, su tashi su yi kudu wajen Binuwai inda damina ta riga ta sauka ciyawa ta fara ƴaƴa, daga baya su biyo ta su dawo arewa su yi sheƙa a cikin ƙaya. Wannan a 1971 ya rubuta shi. To ka ga wanda ka kashe yau a fadamarku da yawansu dama yunwar nan za ta kashe su, waɗanda suka rage kuma cikin sati biyar zuwa shida sun yi sheƙa sun ƙyanƙyashe sun tashi da ƴaƴa. Shi ya sa a 1979 ya ce a daina mafarkin ƙarar da su, a yi feshi kawai inda garken ke dab da amfanin gona.

Ɗan Gashuwa:
Malam duk na ji, amma fa Ward bai taɓa cin bashin taki ba. In ka tsaya a bakin gona ka ga sun taso kamar hayaƙi wallahi ba za ka tuna da wata mujalla ba. Mu nan ciyawar kachalla ce matsalar, ta cike hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru ta zame musu ɗakin kwana, a share ta tukuna.

Maman Ilham:
Ɗan Gashuwa ai ba cewa ya yi a bar su su cinye ba. Ni abin da ke damuna maganin da ake fesawa, fenthion, ba ya tambayar sunan tsuntsu, shaho da mujiya da suka ci gawar su ma tafiya suke, ga mutane na tsintar matattun su kai kasuwa. A Chadi da raga ake kama su da dare a soya a sayar a Njamena, ko ba komai wannan naman babu guba.

Malam na Tsuntsaye:
Hajiya kin taɓo wurin. Maganar ɗakin kwana da Ɗan Gashuwa ya kawo ma Ward ya yi ta, shi da Amotz Zahavi na Isra'ila a 1973, suka ce taruwar da tsuntsaye ke yi su kwana wuri ɗaya kamar majalisa ce, wanda bai samu abinci jiya ba da safe sai ya bi wanda ya ƙoshi. Har yau masana na musu a kan wannan, wasu sun yarda wasu sun ce da sauran hujja, amma duk ɗalibin halayyar tsuntsaye sai ya karanta ta.

Manomin Fadama:
Na gode Malam. Wato ni da na yi shuka a makare ni kaɗai, gonata ta nuna bayan kowa ya girbe, ni na kira su da hannuna kenan. Bana zan yi magana da maƙwabta mu zuba iri sati ɗaya. Ɗan Gashuwa nawa ake sayar da ragar nan a wajenku?