Don Allah a taimaka, Munin ya ƙi zana min komai na OSCam

Baban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi na rasa yadda zan yi shi ya sa na kawo nan. Gidanmu babban gida ne, Baba na da sashensa, Yaya na da nasa, ni ma da iyalina, katin dish ɗaya muke biya duk wata kuma ni aka ɗora wa komai tunda ni ne na ɗan san kwamfuta. Na sa OSCam, manhajar da ke raba kati ɗaya ga risiba da yawa, a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3, risiba uku na gidan duk daga nan suke sha. Da rana lafiya lau amma da an yi isha'i musamman ranar ƙwallo sai hoto ya dinga daskarewa, Baba da labarai kawai yake kallo shi ma sai ya aiko yaro a kira ni, Yaya har ya fara cewa gara kowa ya sayi katinsa alhali shi ne ke jinkirin kawo kasonsa, jiya har matansa suka sa baki. Shi ne na sa Munin, manhajar da ke zana lissafin aikin kwamfuta, don in ga ECM time, wato lokacin da kati ke ɗauka kafin ya ba da makullin buɗe tasha, a zane in gane ƙarfe nawa abin yake farawa. Zanen CPU da memory duk sun fito, na OSCam kuwa wayam. Wani lokaci ma duk zanen sai ya yanke na awanni. Me zan yi?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam. Malam cire Munin ɗin nan kawai. Shi minti biyar-biyar yake zuwa ɗaukar lissafi, makullin tasha kuwa kusan duk daƙiƙa goma yake canzawa, to in ECM ɗaya ya makara hoto ya tsaya ya dawo, ta ina Munin zai gani? Ko ya zana maka ƙarya zai nuna maka, komai lafiya. Ka sa Telegraf da InfluxDB da Grafana, su ma manhajojin ɗaukar lissafi da zane ne, kowane daƙiƙa goma su ɗauka. Abin da nake amfani da shi kenan.

Abdu Maraɗi:
Yallaɓai Injiniya Pi 3 fa RAM ɗinsa 1GB ne, kuma yawan rubutun nan zai cinye masa memori kad. Baban Khairat ka rubuta umarnin gwaji na munin-run da sunan plugin ɗin, wato ɗan shirin da ke ɗebo wa Munin lissafin OSCam, ka turo mana abin da ya fito. Yawanci plugin ɗin shafin webif na OSCam, wanda ake buɗewa a burauza, yake karantawa, in ba ka sa 127.0.0.1 a httpallowed na saitin OSCam ba ko ba ka rubuta masa httpuser da httppwd, wato suna da kalmar sirri, a cikin /etc/munin/plugin-conf.d ba to ba zai samu komai ba. Bayan nan ka sake tayar da munin-node, wato ɓangaren Munin da ke tattara lissafin.

Sani Mai Dish:
Ai ku na gida ne ma da sauƙi. Ni wani na haɗa wa dish na saita masa komai, iska ta juya masa kwano da damina, ƙarfe sha biyun dare yana kirana wai na cuce shi, har yau ragowar kuɗin aikina bai ba ni ba. Mutane ba su san darajar mai sana'a ba wallahi. Ka hau sama ka duba LNB ɗinka, kan nan da ke gaban kwanon, tukuna.

Baban Khairat:
Na gode. Malam Sani LNB sabo ne, da hannuna na ɗaura. Injiniya ni na zaɓi Munin ne saboda ba shi da nauyi kuma na riga na saba da shi, ba ni da lokacin koyon Grafana yanzu ga aikin ofis. Kuma plugin ɗin daidai na sa shi, na bi bayanin da ke cikinsa layi-layi.

Abdu Maraɗi:
To amma me munin-run ya nuna? Kuma risibobin da waya ka jona su ko wifi? Yankewar zanen kuma ina zargin ɗauke wuta ne, Pi 3 ba shi da batirin agogo, in ya tashi da lokacin da ya koma baya RRDtool, wanda ke ajiye wa Munin lissafi, ba ya karɓar lissafin da ya girmi na ƙarshe sai agogon ya daidaita da intanet.

Injiniya Bashir:
Duk wannan ɓata lokaci ne. Ko ka gyara plugin ɗin na gaya maka ba zai nuna maka daskarewar ba. Kuma in dai da daddare ne kawai to katin ne ya gaji, mutum uku tasha uku daban-daban, kowa na neman makulli lokaci guda, dole a yi layi. Na sha gani. Wasu kamfanonin ma yanzu ɗaure kati suke da risibarsu, wata rana za ka wayi gari komai ya mutu.

Malam Nura:
Ɗan'uwa ni ba ta fannin na'ura zan yi magana ba. Ka karanta sharuɗɗan da ka amince da su lokacin sayen katin? In kati ɗaya na risiba ɗaya ne to raba shi saɓa alkawari ne ko da a gida ɗaya ne, ka tambayi malamai.

Baban Khairat:
Allah gafarta Malam ba sayarwa nake ba, ko sisi ban taɓa karɓa a waje ba, mahaifina ne da yayana kuma muna biya duk wata. Injiniya katin bai gaji ba, bara ma mu ukun ne kuma ba ya haka. Sashen Yaya ne kawai a wifi saboda nisa, shi ma rawutar mai kyau ce ba ƙaramin kuɗi na saye ta ba.

Abdu Maraɗi:
To wa ya fi samun daskarewar, Yayan ko duka? Ka buɗe log ɗin OSCam da daddare, kowane layi yana nuna ms, wato tsawon lokacin da ECM ɗin ya ɗauka, kusa da sunan mai kallo.

Sani Mai Dish:
Ni dai na ce a duba kwano.

Injiniya Bashir:
Ka sa Grafana ka huta.

Baban Khairat:
Zan duba in na dawo daga aiki in sha Allah. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni plugin ɗin da ya tabbata yana aiki, in akwai mai shi don Allah ya turo min kafin wasan Asabar.