Neman kalma: karen lurcher da haushinsa a farautar dare

Bilkisu: Assalamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar wani shirin rediyo kan farautar zomo a karkarar Ingila, gobe da hantsi za a naɗa. Sunan karen lurcher, sunan farautar kuma lamping, wato a fita da dare da fitila mai ƙarfi a haska gona, idon zomo ya yi ja, a saki kare. Wanda ya fi tsaya mini a wuya shi ne opening up, kare ya riƙa haushi yana tsakiyar bin zomo. Shirin kacokan a kan dalilin wannan haushin yake. A taimaka don Allah.

Ɗan Gobir: Wa alaikumus salam. Lamping dai farautar fitila ce. Maharbanmu ma da fitilar goshi suke shiga daji, kowa zai gane.

Malam Sabo: Kare kuma karen farauta. Opening up, buɗa baki.

Abban Nana: Allah gafarta Malam, buɗa baki fa? Mai sauraro zai ɗauka karen azumi ya kai, a kawo masa dabino.

Bilkisu: Malam, karen farauta ba zai wadatar ba, don shirin yana kwatanta shi da wasu karnukan farautar. Shi lurcher ba jinsi ɗaya ba ne, haɗi ake yi. Gefe ɗaya daga masu bin nama da ido da gudu, irin su greyhound, whippet ko saluki, ɗaya gefen karen kiwon tumaki, collie, ko terrier, ƙaramin kare mai bin nama har cikin rami. Gudun wancan ake so da basirar wannan.

Abban Nana: To ai barbarar yanyawa ke nan.

Hajiya Mairo: A'a ɗana, wannan zagi ce, kada ta fita a rediyo. Ruwa biyu ta fi tsabta.

Malam Jibo Maraɗi: Duk kun yi nisa. Wanga kare tun asali na masu farautar sata ne a gonakin attajiran Ingila, shiru da sanɗa anka san shi da su. Sunansa Sanɗau. Hausa tana da wannan ginin tun kaka da kakanni: mantau, makarau, gagarau. Kalma guda, ba aro, ba jela.

Ɗan Gobir: Ko a Hausance shi kawai, a ce laca.

Malam Jibo Maraɗi: Ga irinta nan. Da an ga kalmar Turanci sai a sa mata hula a ce ta zama Bahaushiya. Laca a rediyo lacca za a ji, a zaci kare ne mai koyarwa a jami'a.

Likitan Dabbobi: Kafin a yi nisa, Bilkisu, kalmar haushin ba za ta fito ba sai an san me ya sa suke ganin abin aibi ne. A Ingilar akwai karnukan da haushi shi ne aikinsu, beagle da foxhound, masu bin sawu da hanci. Suna bi suna kuka, mai su yana jin inda suka nufa. Lurcher kuwa a shiru ake son ya kama. Gona ɗaya za ta iya ɗaukar zomaye da yawa suna kiwo, kare ya yi kyas sau biyu, duk su ɗaga kunne su zuba rami, mai fitila ya haska ya ga wayam. A zamanin farautar sata kuma mai gadin daji ne zai ji.

Dalilin da masu su suka fi ambata takaici ne. An fito da kwikwiyo tun bai ƙosa ba, an sake shi kan zomon da ke nesa ko wanda ke dab da shinge. Ya kai kansa, zomo ya yi kwana, kare ya zarce, ya dawo, zomo ya sake kwana ya shige ƙaya. Aka jera masa haka dare bayan dare, sai muryar ta fito, siririya, ba irin haushin bakin ƙofa ba. Karen da ya yi ƙiba ko ya gaji shi ma yakan yi, yana ganin nama ƙafa ta ƙi kai shi. Sai kuma jini: wanda terrier ya yi masa yawa ya fi saurin sakin murya. Shi ya sa suke fara wa ƙaramin kare da zomon da ya lafe a cikin haske, a taka har kusa kafin a zare igiya, ya kama ya ji daɗi, a mai da shi gida tun bai gaji ba. In abin ya zame masa jiki, da wuya ya bari.

Hajiya Mairo: Ashe kwarmato ne. Kare mai kwarmato, ya tona asirin mai shi.

Abban Nana: Hajiya ta kawo ta!

Malam Jibo Maraɗi: Kwarmato na ɗan Adam ne. A ce habshin takaici. Kuma bayanin Likita ya ƙara tabbatar da Sanɗau.

Malam Sabo: Haushi dai Malam Jibo. Daidaitacciyar Hausa ake watsa shiri da ita.

Malam Jibo Maraɗi: Wa ya daidaita ta, ya tambaye mu? Habshi muka gada daga Katsina har Maraɗi. Ku da kunka haɗe kukan kare da ɓacin rai a rubutu guda, haushi da haushi, ku ne za ku gyara muna? Kare mai gudu ma a wajenmu yake, karen Azawak na Buzaye, dogo, cikinsa a ɗame. Turawa da kansu sun kwashe shi sun kai ƙasashensu.

Malam Sabo: Masu cewa lakwal ne za su yi mana wa'azin aro? Mu dai makaranta muke zuwa.

Ɗan Gobir: Malam Sabo, a bar ta nan, don ni ma habshi na tashi ina ji. Amma Sanɗau bai zauna mini ba. Mai fitila ne ke sanɗa, kare gudu yake. Greyhound yana kai kusan kilomita 70 a awa, ɗansa kuma a kira shi Sanɗau? Ga shi shirin a kan mai kwarmato ne, za a yi ta cewa Sanɗau ya yi ihu.

Malam Jibo Maraɗi: Mantau ma yakan tuna wata rana, ba a sauya mai suna ba.

Likitan Dabbobi: Akwai wadda kuka tsallake, kuma ta fi haɗari. Zomo. Dokar farauta ta 2004 a Ingila da Wales ta hana bin namun daji da karnuka, amma ta ware rabbit, mai zama a rami, in da izinin mai gona. Hare, babban mai dogon kunne da ke kwana a fili, irin namu na daji, bin sa da kare laifi ne. In kika ce zomo duka biyun, kin halatta abin da doka ta hana.

Hajiya Mairo: Zomon rami da zomon fili.

Malam Sabo: Mu zomon gida muka sani.

Likitan Dabbobi: Malam, waɗannan ba a keji suke ba, in an ce na gida sai a zaci kiwon mutane ake sakar wa kare.

Bilkisu: Na gode ƙwarai, dare ya yi. Na ɗauki farautar fitila da zomon rami. Haushin zan ce kwarmato, sau ɗaya in fayyace da haushin takaici. Karen kuwa a farko zan ce karen farauta ruwa biyu da Turawa ke kira lurcher, daga nan ruwa biyun kawai. Baba Jibo a yi haƙuri, zan gwada Sanɗau wa mai shirya shirin, in ya yarda in sa shi inda ake maganar masu farautar sata.

Malam Jibo Maraɗi: Ɗiyata, kalma huɗu inda guda za ta yi. Ba komai, ku ke da rediyo. Amma in kin sa shi, a faɗi ɗ ɗin da kyau, kada a ce Sandau.

Abban Nana: Greyhound ɗin fa, an bar shi haka?

Bilkisu: Sau shida ya fito a rubutun. Wanda bai yi barci ba ya kawo.