Takarda ta ce magani ya yi aiki, bakin mara lafiya bai nuna ba

Likitar haƙori, Samaru: Assalamu alaikum. Wani wakilin kamfani ya kawo min takardar bincike kan wani ruwan kurkure baki, ya ja jan layi ƙarƙashin P ƙasa da 0.05, wato alamar lissafi da masu bincike ke kafa hujja da ita cewa sakamako ba dace ba ne kawai. Da na je gida na buɗe teburin alƙaluman, sai na ga zurfin aljihun dasashi (ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi) da ya ragu bai kai rabin milimita ba. Tsinken da muke awo da shi kansa, likita biyu kan saɓa da milimita guda a haƙori ɗaya. Da dai na tsaya a taƙaitaccen bayanin shafin farko, da na sa talakawa sayen kwalba mai tsada a banza. Abin ya tsaya min a rai. Wa ya taɓa cin karo da irin haka?

Ɗalibi, Shika: Wa alaikumus salam, Anti. Ni da hannuna na yi. Na duba mutum 20, amma na ƙirga haƙoransu ɗaya-ɗaya kamar kowanne mutum ne daban, sakamako ya fito gwanin sha'awa. Malamina ya ce, "Haƙoran baki ɗaya ai gidansu ɗaya, abincinsu ɗaya, buroshinsu ɗaya." Da muka sake lissafi da mutane, bambancin ya ɓace.

Baba, Tudun Wada: Ni ba likita ba ne. A 2016 ɗana ya karanto min labarin kamfanin dillancin labarai na Associated Press cewa babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan amfanin zaren sakace. Na jefar da nawa. Bayan watanni dasashina ya koma zubar jini in na yi asawaki.

Likitar haƙori, Samaru: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Abin da nazarin Cochrane (ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantance su) na 2011 ya nuna shi ne binciken da aka yi ba su da ƙarfi, galibi na 'yan watanni ne. Bai ce zaren ba shi da amfani ba. Ku zo a duba dasashin nan.

Nas, Sabon Gari: Mu kuma an kawo mana takarda kan wani abin cike kogon haƙori, wai daidai yake da tsohon. Wata shida kawai aka bi mutanen, mu kuwa sai bayan shekara biyu suke dawo mana da abin cikon ya fita, a ƙulle cikin hankici.