An gwada shanu 40, biyu kacal suka nuna cutar Johne, shin sauran lafiyarsu ƙalau?

Ɗan_Garke:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da gonar kawuna ne a wajen Zariya, shanun madara ne, yawanci Bunaji da aka haɗa da Firishiyan. Akwai wata saniya da ta yi kusan wata huɗu tana zawo kamar ruwa, tana cin dusa da harawa sosai wallahi amma sai ramewa take har haƙarƙarinta ya fito, ƙasan haɓarta kuma ya kumbura. Mun ba da maganin tsutsa, mun yi allurar sammore, ba canji. Da aka yanka ta hanjin ya yi kauri da gurɓi-gurɓi, likita ya ce yana zargin faratubakulosis, wato cutar Johne. Aka ɗebi jinin manya 40 aka yi gwajin Elisa, biyu suka nuna. Yanzu kawu ya ce a kai biyun kasuwa shi ke nan, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Don Allah masana, sauran 38 ɗin sun kuɓuta ne?

Likitan_Shanu:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, gaskiya ba su kuɓuta ba tukuna. Wannan cutar ƙwayarta 'yar uwar ta tarin fuka ce, ana ce mata MAP, tun 1895 Johne da Frothingham suka bayyana ta a Jamus. Saniya tun tana 'yar maraƙa take ɗauka, daga kashin uwa da ya ɓata hantsa ko daga dakashi da madara, sai ƙwayar ta lafe a bangon hanji shekara biyu zuwa biyar ko fiye ba alamar komai, to a duk wannan lokacin jikin bai fara fitar da abin da Elisa ke nema a jini ba shi ya sa gwajin yake wuce yawancinsu. In saniya ta riga ta fara zawo yana kama ta da kyau, amma waɗanda ke ɓoye da ita kaɗan yake gani. A littattafanmu ana cewa duk saniya ɗaya da ta kwanta, akwai wasu 15 zuwa 25 a garken da suka ɗauka, har da maruƙan da ba ka gwada ba.

Bari in yi maka lissafi na misali. Biyu cikin 40 kashi 5 ne cikin ɗari. A ce gwajin yana kama kashi 25 na masu cutar, kuma yana yi wa kashi 1 na masu lafiya ƙarya. Ka cire 1 daga 5 saura 4, ka cire 1 daga 25 saura 24, ka raba 4 da 24, ya ba ka wajen kashi 17, wato shanu shida ko bakwai kenan ba biyu ba. Haka ake gyara alƙaluma in ana son sanin ainihin yawan cutar a garke.

Hajiya_Mai_Kindirmo:
Likita to me ya sa ba za a duba kashin ba tunda ta nan take fita? Ni ma ina sayen madara a irin waɗannan gonakin, abin ya dame ni.

Likitan_Shanu:
Hajiya ana dubawa, kuma shi ya fi. Sai dai shuka ƙwayar a ɗakin gwaji yana cin sati 8 zuwa 16 saboda tana da nawar girma. PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittar MAP a kashin, ya fi sauri, kwana kaɗan ne amma da tsada, shi ya sa ake haɗa kashin shanu biyar a gwada tare, in ya nuna sai a bi su ɗaya-ɗaya. Nan ma saniya ba kullum take zubar da ƙwayar ba, yau a samu gobe a rasa. Ke kuma ki ci gaba da dafa madararki sosai kafin ki haɗa kindirmo.

Ɗalibin_Samaru:
Ranka ya daɗe in ƙara abu ɗaya da malaminmu ya ja mana kunne a kai. A tambaya ko an yi wa shanun allurar gwajin tarin fuka ta fata kwanan nan, domin tana iya sa Elisa ya nuna ƙarya na wasu makonni, kuma a ƙasar nan da tarin shanu yake da yawa dole a yi hattara. Ɗan_Garke ka tuntuɓi cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ko asibitin dabbobi na ABU ka ji wane gwaji za a iya yi maka.

Ɗan_Garke:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba a yi gwajin fata ba. Abin da ya fi tayar min da hankali saniyar da aka yanka ta bar 'ya'ya biyu a garken, ɗaya ma tana da ciki yanzu.

Likitan_Shanu:
Sa musu alama, su ne na farko a zargi. Cutar ba ta da maganin warkewa, don haka biyun nan da gwajin ya nuna ka roƙi kawu a kai su kwata kai tsaye, kar a sayar wa mai kiwo ya kai garkensa. Ka ware wurin haihuwa mai tsabta, maruƙa su daina kwana cikin kashin manya, kwamin ruwansu ma daban domin ƙwayar tana iya kai shekara a ƙasa mai laima. Bayan wata shida zuwa shekara ka sake gwada duk wadda ta haura shekara biyu, ka riƙa rubuta sakamakon kowace saniya a littafi.