Dogon rubutu ya ƙi ƙarewa, ko in koma gajeru akai-akai?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe suna rubutu.

Ni dai tun da na fara, sabona shi ne in zauna in yi dogon abu, kalma 2,000 ko fi, sai na bi ta kowane lungu na tattaro komai sannan in saki. To yanzu wata huɗu kenan ban fitar da ko layi ɗaya ba. Ba wai ba na rubutun ba ne fa, jiya na buɗe inda nake tara su a waya na ƙirga, guda 17 ne kuma ba wanda ya kai ƙarshe, akwai wanda na fara kan wata magana da ake ta cece-kuce a kanta lokacin, yanzu ko na gama ba wanda zai tuna da zancen ma. Wani kuma gabatarwarsa kawai na sake sau shida, sakin layi na biyu har yau shiru.

Shi ne nake tunanin in gwada wani abu na wata ɗaya: kalma 200 zuwa 300, sau biyar a sati, ya yi daɗi ko bai yi ba in saki. Amma ina tsoron kar abin ya zama shirme, waɗanda suka saba ganin ina zurfafawa su ce wane ya lalace ya koma surutu. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Ya aka ƙare?

Maman_Ikram:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka ba ni dariya Abu Sadiq, 17 kawai? Nawa sun haura 30 kafin in tuba.

Na gwada kuma har yanzu a kai nake. Ka yi lissafi mana, 200 sau biyar 1,000 kenan a sati, a shekara 52,000. Masu gasar nan ta rubuta littafi a watan Nuwamba da aka fara a Amurka a 1999, lokacin da ake yin ta kalma 50,000 ake nema su haɗa a watan, wato wajen 1,667 kullum, da yawa suna sarewa tun a tsakiya, kai kuma ga shi za ka wuce adadin a shekara ba tare da ka ji a jikinka ba. Da yayyafi kogi kan cika ai.

Dokata ɗaya ce, magana ɗaya a rubutu ɗaya. Da na ji hannuna zai rubuta "wani abin kuma" sai in tsaya in kwafe shi gefe, na gobe ne wannan. Sannan ina saita agogon waya minti 25, irin tsarin Pomodoro ɗin nan da wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ya fito da shi, yana kaɗawa na ajiye.

Ranar nan muna cikin mota da dare yarinyata ta ce Mama me ya sa wata yake bin mu, kuma bishiyoyi suna gudu baya. Kafin mu isa na rubuta shi da babban yatsa, bai kai kalma 180 ba, ɗan bayani ne kawai kan yadda abin da ke nesa sosai ba ka ganin ya gusa in kana tafiya. Mutanen da suka yi min magana a kansa sun fi na wancan dogon da na shafe sati uku ina fama. A da da sai in ce bari sai na yi bincike sosai tukuna, shikenan ya shiga layin 30 ɗin nan.

Dogo_Mai_Gardama:
Hajiya ki yi haƙuri amma ni ban yarda gaba ɗaya ba. Ni ma na yi, nawa ma kullum ne har Asabar da Lahadi, na ɗau alkawari a gaban mutane cewa kwana 30 ba fashi. Kwana goman farko lafiya lau don akwai tsohon tari a kai. Daga rana ta 12 rijiya ta ƙafe, sai ka gan ni ƙarfe sha ɗaya na dare ina zare ido ina neman abin cewa don kar a ce na karya alkawari, har na yi rubutu a kan cewa ba ni da abin rubutawa, sau biyu fa. Abin da ya fi ƙona min rai, a rana ta 19 saboda gaggawa na saka wani adadi daga ka ban duba ba, ashe na ƙara sifili ɗaya, wani ya kama ni, kafin in gyara an riga an ɗauki hotonsa ana yawo da shi. Kunyar ranar har yanzu ina jinta.

Kuma mutane gajiya suke, in kullum suna ganinka sai su daina buɗewa, su ce gobe ma zai zo.

Sannan ba kowace magana ce take shiga ƙaramin mazubi ba. Twitter da kanta da ta fara da harafi 140 ai sai da ta ninka zuwa 280 a 2017, duk da haka mutane sai jera 1, 2, 3 har 20 suke, dogon rubutun ne dai aka yayyanka. In za ka kawo hujjar wani ka rusa ta da adalci, kalma 250 ba za ta ishe ka ba, sai dai ka yi masa ƙwange.

Dan_Boko99:
Haha ku da ba ku yi zamanin tes ba ne kuke kuka. Harafi 160 ne saƙo ɗaya, kuma ka kuskura ka saka ƙ ko ɗ mai lanƙwasa sai ya faɗo 70. Nan muka koyi taƙaita zance dole.

Malam_Tsohon_Edita:
Abu Sadiq, ɗana, duka biyun gaskiya suka faɗa maka, sai dai abu biyu ne kuka cakuɗa. Rubutu kullum daban, saki kullum daban. Abin da ya kayar da Dogo na biyun ne. Ka rubuta kullum in ka so, amma kar ka saki abin da bai kwana ba. Na yau a sake shi gobe ko jibi, bayan ka karanta shi da ƙarfi da bakinka, duk inda numfashinka ya sarƙe to jimlar ce ta yi tsawo, duk adadi kuma ka koma inda ka samo shi. Kuma kar ka fara sai kana da guda biyar a ajiye, saboda ranar ciwo da ranar tafiya.

Kar kuma ka ɗauka gajere sauƙi ne da shi. Blaise Pascal na Faransa, a wata wasiƙarsa da ta fito a 1657, haƙuri ya ba da cewa ta yi tsawo ne don bai samu lokacin gajarta ta ba. Mu a aikin jarida yadda aka koya mana shi ne ka ɗora mafi muhimmanci a sama, wa, me, ina, yaushe, saura su biyo baya gwargwadon nauyinsu, domin in fili ya ƙare daga ƙasa ake datsewa ba a tambayarka. Na sha karɓar labari mai shafi uku in ga ainihin zancen yana sakin layi na biyar, huɗun farko duk gyaran murya ne. Ina zargin gabatarwarka da ka sake sau shida ma haka take, ko dai gyaran murya ce, ko kuma ita ce rubutun gaba ɗaya ba ka lura ba.

Su 17 ɗin nan kar ka goge. Buɗe kowanne ka ƙirga maganganu nawa ka cusa a ciki, za ka samu uku ko huɗu suna kokawa, shi ya sa ya ƙi ƙarewa. Raba su. Wanda ya ƙi rabuwa kuwa, to shi ne dogon na gaske, ka bar shi ya ɗau watansa.

Dogo_Mai_Gardama:
Baba da na ji wannan ta "sai ya kwana" tun lokacin da sifilin nan bai ci ni ba.

Abu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam wallahi kamar ka leƙa wayata, na koma kan mai gabatarwa shidan nan, na ɗauki ta huɗu na cire layi biyun farko na ƙara misali ɗaya, ta tsaya da ƙafarta a kalma 240. Na ajiye sai gobe in sake dubawa. Na kuma rage buri, sau uku a sati, Litinin Laraba Juma'a, zan fara in na tara biyar, yanzu ina da biyu da rabi.

Maman Ikram tambaya ɗaya, minti 25 ɗin nan har da gyara ko rubutun farko ne kawai? Don ni ɗazu agogon ya kaɗa ina kan neman kanun da zan sa.

Maman_Ikram:
Rubutun farko kawai, gyara sai washegari kamar yadda Malam ya ce. Kanu kuma a ƙarshe ake sawa, bar wurin fayau ka wuce.