Wane aiki limamin coci ke yi a ƙananan garuruwan Turai a da?

Ɗaliba_Zariya:
Jama'a barkanmu. Ina aji biyu a sashen tarihi, an ba mu aiki kan limaman coci a ƙananan garuruwan Turai tsakanin 1500 da 1700. Ni a ganina wa'azin Lahadi ne kawai aikinsu. Me zan cika shafi biyar da shi?

MalamMaiRitaya:
'Yata, ai wa'azi kaɗan ne daga ciki. Fara da rajista. A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan sarkin Ingila, ya umarci kowace coci a Ingila ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Faransa ta biyo baya a 1539 da dokar rajistar baftisma. A garin da yawancin mutane ba su iya karatu ba, mai riƙe da littafin nan shi ya san ɗan wane ne wane, kuma rigimar gado kan koma gare shi. Sanarwar sarki ma daga bakinsa ake jinta, a kan mumbari.

Bitrus_Jos:
Ƙari a kan na Baba: daga 1563, bayan taron Trent (babban taron shugabannin Cocin Katolika), auren 'yan Katolika ba ya ɗauruwa sai a gaban limamin coci da shaidu biyu.

UwarGida:
Kun manta da ciki! Ushirin amfanin gona yake karɓa, dami ɗaya cikin goma, har da 'yan raguna da ulu. Ka yi tunanin manomi yana kallon ana ɗaukar daminsa a shekarar fari. Shi ya sa shari'ar ushiri ta cika kotunan coci.

Ɗaliba_Zariya:
Na gode ƙwarai. Anti, da ushirin zan fara.