Haya ta tashi, tallafin gida bai motsa ba: ina mafita?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa na Landan. Ina zaune a Barking da yarana biyu, gida mai ɗaki biyu. Mai gida ya aiko takarda ya ƙara fam 200 a wata, alhali kuɗin hayar da ke shigo min ta Universal Credit, wato tallafin gwamnatin Birtaniya ga masu ƙaramin ƙarfi, yana nan yadda yake tun Afrilun 2024. Dama da kuɗin cefane nake cike giɓin, har nama na rage saye. Aikin kula da tsofaffi nake yi na 'yan awoyi. Wai ba sa duba ainihin hayar da mutum ke biya ne? Don Allah a haska min.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. In gidan haya ne mai zaman kansa, ba na kansil ba, akwai iyakar kuɗin hayar da gwamnati ba ta wucewa a kowane yanki, ita ake kira LHA (Local Housing Allowance). Kafin 2011 matsakaiciyar hayar yankinku ake ɗauka, daga nan aka koma gidaje 30 mafi araha cikin 100. An daskarar da kuɗin daga 2016 zuwa 2020, aka ɗaga, aka sake daskarewa har 2024, a 2025 ma ba a ƙara ko kwabo ba. Su kuwa masu gidaje ba su tsaya jira ba. Talakan Landan ne ke shan wuyar, abin yana ci min rai wallahi.

Anti Hajjo:
'Yata, shekarun yaran nawa? Mace da namiji ɗaki ɗaya ake lissafa musu har ɗayansu ya kai goma. Da ya cika, kin cancanci kuɗin ɗaki uku, ki tabbatar sun gyara. Ki je kansil ki nemi tallafin cike giɓin haya, ki tafi da takardar ƙarin da bayanan banki. Kuma kada ki kuskura ki kwashe kaya ki bar gidan da kanki, za a iya cewa ke kika jawo wa kanki rashin muhalli. Ki fara tuntuɓar ƙungiyoyin ba da shawara kamar Shelter ko Citizens Advice.

Baban Sadiq:
Ki duba awoyinki ma. In albashinki bai kai na awa 16 a mako kan mafi ƙarancin albashi ba, iyakar da gwamnati ta sa wa jimillar tallafin da iyali ke karɓa tana iya rage miki kuɗin.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Namijin zai cika goma a watan Maris, Anti. Awa 14 nake yi, gobe zan roƙi manajarmu ta ƙara min. Tsorona ɗaya kada a ce mu koma wajen Landan, ga makarantar yara da islamiyyarsu duk a nan suke.